Ƙusar da Ke Auna Ƙarfin Kankare

Kankare ba ya nuna halinsa a fuska. Ginshiƙi zai fito sumul, alhali an yi masa ƙwauron siminti ko an cika masa ruwa wajen kwaɓi. A ƙa'ida, ranar zubi ake ɗibar samfur, bayan kwana 28 a murƙushe shi a ɗakin gwaji. Amma samfurin a ruwa ya yi kwanakinsa, ginshiƙin kuwa rana ya sha. To, wa zai ba da shaidar ginin kansa?

A shekarun 1960 aka samo wata dabara a Amurka, da haɗin gwiwar hukumar tashar jiragen ruwa ta New York da kamfanin Windsor. Na'ura ce mai kama da bindiga, tana aiki da albarushi mai awon da ba ya canzawa, ta harba ƙusar ƙarfe mai tsawon kusan santimita 8 cikin kankaren da ya riga ya daskare. Ƙusa uku ake harbawa, a auna abin da ya rage a waje. Kankare mai ƙarfi kan tokare ta, mai rauni ya haɗiye ta.

Harbin kowa zai iya koya. Abin da ke burge ni shi ne karatun. Gwanin injiniya ba ya ɗora na'urar sai ya gano inda rodi ya bi, ya kauce masa, ya kuma ja da baya daga gefe aƙalla santimita 10, don kada bakin ginshiƙin ya ɓantare. Sannan ya tambaya: wace tsakuwa aka zuba? A nan mai gaggawa ke faɗuwa. Tsakuwa mai tauri kan tare ƙusa ko da simintin da ke riƙe da ita bai taka kara ya karya ba, sai lamba ta fito da kyau, ginin kuwa ba haka yake ba. Shi ya sa yake gwada taurin dutsen, ya zaɓi jadawalin da ya dace da shi. Idan ɗaya cikin ukun ta yi nisa da 'yan'uwanta, ya san mai yiwuwa kan ƙaton dutse ta faɗa, sai ya sake.

Da wannan awon yake ce wa kafinta ya cire katakon dakin, ko ya ƙara haƙuri. Idan kuwa batun ya kai ga a rushe ko a bari, ba ya yanke hukunci da ƙusa kaɗai: sai ya sa an huda kankaren, an ciro gunduwa, an kai ta ɗakin gwaji.