Hancin da aka ƙera da zaren gilashi

Tsohon dillalin hatsi a kasuwar Dandume ko ta Funtua ba ya neman dogon bayani. Ya cusa hannu cikin buhun wake, ya damƙo, ya kai hanci, sai ka ji ya ce, "Alhaji, wannan ya sha fiya-fiya." Gwaninta ce babba, sai dai hanci yana gajiya, wanda ya wuni a sito, warin kan zame masa jiki. Lamarin kuwa ba na wasa ba ne, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar wannan guba a jikinsa.

Masana sun ƙera wani hancin daga zaren gilashin nan da ake binnewa a ƙasa don intanet. Kaurinsa kamar silin gashi. Haske na shiga ta wannan baki ya fita ta wancan ba tare da ya tsiyaye ba, saboda rigar da ta lulluɓe tsakiyar zaren tana mayar da shi ciki.

A nan hannun gwani yake nuna kansa. Zai kankare rigar a ɗan gurbi kaɗan, ya shafa siririyar roba mai shan tururi. In shafin ya yi kauri, amsa ta yi nawa. In ya yi ƙaranci, ba za a ga komai ba. Hannu ya yi rawa kuwa, zare ya karye. Da tururin fetur ko na maganin ƙwari ya taɓa shafin, sai ya kumbura, hasken ya ragu ko ya sauya launi, na'ura ta karanta. A 1996 David Walt da abokan aikinsa a Jami'ar Tufts ta Amurka suka haɗa zare da yawa wuri guda, kowanne da irin shafinsa da rini mai ƙyalli, kwamfuta ta koyi bambance wannan tururi da wancan.

Abin da ya fi burge ni, babu lantarki a bakin zaren, don haka babu tartsatsi. Mai ajiyar fetur ya san darajar wannan, haka ma mai tara auduga a Malumfashi. Sai dai laima da ƙura kan rikita wannan hancin, shi ya sa har yanzu yawancinsa yana ɗakin bincike.

Malaman kimiyya na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya ba nisa da Funtua. Ku zo da zarenku kasuwa, ku gwada shi kusa da hancin dillali.