Hoton Fim da na Dijital: Ina Bambancin Yake?

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Baƙi da fari take ɗauka, kuma sai ta ci daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda a kaset. Kamfanin da cinikin fim ya yi wa arziki bai rungume ta da wuri ba, har ta kai shi ga bayyana karayar arziki a 2012.

Fim siririyar leda ce da aka shafe da sinadarin azurfa. Idan haske ya taɓa ta sai siffa ta kwanta a ɓoye, ba ta fitowa sai an wanke a ɗaki mai duhu. Dijital kuwa ɗan faranti ne na lantarki mai miliyoyin ɗigo, yana mai da haske lambobi nan take.

Masu kishin fim sukan ce ya fi kyan hoto. Wannan hujja ta yi rauni, domin kyamarorin yau sun fi fim gani a ƙarancin haske. Abin da ya sauya shi ne aikin mai ɗauka. Naɗi ɗaya na fim hoto 24 ko 36 yake ci, kowane dannawa kuɗi ne. Mai hoto a gidan biki ba zai san amarya ta ƙifta ido ba sai an wanko, saboda haka yakan gyara tsayuwa, ya duba ɗaurin ɗankwali, ya auna haske, sannan ya danna. Dijital ta mayar da gwanintar bayan dannawa: a ɗauki ɗari, a zaɓi biyar, a gyara a kwamfuta. Ta sauƙaƙa koyo, ta kuma ba mai ƙaramin ƙarfi damar da a da sai ranar Sallah yake samu.

Inda fim ya yi zarra shi ne adana. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, ya ɗauki dubban mutanen gari cikin kwalliyarsu, ya kuma ajiye fina-finansa da aka wanke. A farkon shekarun 1990 aka nemo shi, aka sake buga hotunan manya-manya, duniya ta san shi. Fim abu ne da ake riƙewa a hannu, ko bayan shekara hamsin ana ɗaga shi ga haske a ga abin da ke ciki. Hoton dijital kuwa rayuwarsa na rataye da waya, da katin ajiya, da lambar sirrin da mai ita kan mutu da ita.

Fim shi ma zafi da laima suna cinye shi, amma lalacewarsa a hankali take, ana ganinta. Ta dijital farat ɗaya ce. Saboda haka mai hoton zamani yana da aikin da fim ke yi wa magabatansa kyauta: ya tace, ya buga masu muhimmanci a takarda, ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.