Tsanin Bloom da Darasin Kwamfuta: Sharhi daga Madarumfa

A wannan ɗan sharhi muna so mu auna jadawalin da Ursula Fuller da abokan aikinta suka gabatar a Dundee a 2007 don rarraba manufofin koyar da ilimin kwamfuta.

Kamar yadda aka sani, Bloom ya jera manufofin koyo hawa shida a 1956, daga sani zuwa yanke hukunci, kuma gyaran Anderson da Krathwohl na 2001 ya ɗora ƙirƙira a ƙoli. Su Fuller suka ce wannan tsani bai dace da fannin ba. Sai suka raba shi gida biyu: iya fassara shirin kwamfuta, da iya rubuta shi. A nan mun yarda da su. Ɗalibi yakan haddace salon maimaita umurni, ya rubuta shi ba kuskure, amma ya kasa faɗin abin da injin zai fitar. A tsanin Bloom ya taka hawa na uku alhali bai taka na biyu ba.

Sai dai jadawalin ya ɗauka kowane ɗalibi na da inji a gabansa, yana gwadawa, yana ganin kuskure, yana gyarawa. Mu ɗauki yaron da ya taso a Madarumfa ya shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wanda sau da yawa a bisa takarda yake rubuta shirinsa. Rubutun da ba a gwada shi a inji ba, shin ƙirƙira ce ko hadda? Jadawalin bai ba mai gyaran jarrabawa amsa ba. Ga kuma tambaya guda da takan zama tuni ga wanda ya gan ta a aji, ta zama ƙirƙira ga wanda bai gani ba.

Giɓi mafi girma shi ne harshe. Idan muka ce ɗalibi ya bayyana aikin shiri da faransanci, faransancinsa muke aunawa tare da fahimtarsa, maki kuwa ɗaya ne. Tunda kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, muna ganin a bar ɗalibi ya yi wannan bayani da baka cikin Hausa, a ware masa makinsa dabam da na rubutun shiri.