Sandar Fukuoka: Inda Babba Ke Zuwa A Doke Shi

Wanda ya bi ta ƙofar wani babban ofishin 'yan sanda a Tokyo zai iya ganin jami'i tsaye riƙe da sanda, gindinta a ƙasa, kanta daidai ƙirjinsa. Sunanta jo. Tsayinta santimita 128 ne, kaurinta 2.4, ana sassaƙa ta daga wani farin itace mai tauri da Japanawa ke kira shirakashi. Ba kaifi, ba tsini. Makiyayin da ya saba da gora zai ɗaga ta ya ce ai wannan ba ta da nauyi. Amma da ita ake koyon fuskantar takobi, kuma kusan shekara ɗari huɗu ke nan ana miƙa ilminta hannu da hannu.

Ana danganta ta da wani jarumi, Muso Gonnosuke, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 17. Almajiran makarantarsa, Shinto Muso-ryu, suna cewa ya kara da Miyamoto Musashi, shahararren mai takobin nan, ya sha kashi. Sai ya haura dutsen Homan a tsibirin Kyushu ya keɓe kansa kwana 37, ya sauko da sandar da ta fi wadda aka saba yaƙi da ita gajarta, suka sake gamuwa ya rama. Ramuwar nan dai a bakin mutanen Gonnosuke ake jin ta. Masoya Musashi suna nan kan bakansu cewa ba a taɓa kayar da gwaninsu ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne gidan sarautar Kuroda na Fukuoka ya riƙe wannan ilmi fiye da shekara ɗari biyu, ana koya wa ƙananan dakarun da aikinsu kama masu laifi. Shi ya sa har yau cikin darussan makarantar akwai ɗaure mutum da igiya. Mai kamu so yake ya kai ɓarawo gaban alƙali da ransa.

To yaya itace zai tsaya gaban ƙarfe? Sirrin yana tafin hannu. Takobi ƙota ɗaya gare shi, tsayinsa kuma ba ya canzawa. Na katako da ake atisaye da shi mita ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Ita kuwa sanda zamewa take cikin hannu. Yanzu ka ga taƙi ɗaya ne ya leƙo, kafin ka ƙifta ido ta miƙe gaba ɗayanta tana nuna tsakanin idanunka. Kan da ya doke ka shi zai koma baya, ɗayan ya fito. Mai takobi da auna tazara yake tsira, sanda kuma aikinta ta dagula masa lissafi. Akwai bugun da ake kira hikiotoshi, inda sanda ke sauka ta bi jikin takobi tana gogarsa har ta watsar da shi gefe. Idan ɗan koyo ya yi, sai ka ji ƙwas, itace ya daki itace, takobin na nan inda yake. Idan gwani ya yi, ƙarar ba ta kai haka ba, amma takobin ya tafi, mai riƙe da shi ma ya karkace. Daga ƙugu ƙarfin ke fitowa.

Duk da haka, abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne yadda aka raba aiki. Ba a sa sulke ko kwalkwali, don haka ba a sakin mutum biyu su yi ta bugun juna. Darasi ne tsararre, kata, mutum biyu ke yin sa: mai takobi, uchidachi, da mai sanda, shidachi. An riga an san ƙarshen kowane ɗaya, mai takobi ne ke shan kaye. Kuma bisa al'ada babba ne ke ɗaukar takobin. Wato malami, ko ɗalibin da ya daɗe, shi ke zuwa kullum yamma a doke shi.

Dalilin kuwa a fili yake idan ka tsaya ka kalla. Ɗauki darasi na farko a tsarin da aka fi koyarwa yau, tsukizue. Mai sanda na tsaye, sandarsa a kafe a ƙasa ta hannun dama. Mai takobi ya tako a hankali, ya kawo sara tsakiyar kai. Mai sanda ya goce baya ta dama, ya sauke sanda kan wuyan hannunsa na hagu. Mai takobi ya ja baya ya ɗaga takobi sama zai sake, sanda ta riga shi, ta sake samun wannan wuyan hannun, da ihun "ei!" Shi ke nan, bai kai minti ɗaya ba. Amma duk abin da ɗalibi zai koya a ciki yana hannun mai takobi. Shi ke zaɓar tazara, shi ke zaɓar lokaci. Ga sabon shiga zai kawo saran sannu, amma daidai inda kai yake. Bayan wata shida ya ƙara sauri. Bayan shekara biyar ya ɗan jinkirta rabin numfashi, don ya ga ko yaron haddace motsi ya yi, ko kuwa takobin yake kallo. Babban da ya ji tausayin ƙaninsa ya sari iska gefen kunnensa ya cuce shi, domin ya koya masa kauce wa abin da dama ba zai same shi ba. Wanda kuma ya kawo saran da ya fi ƙarfin yaro don ya nuna shi wane ne, shi ma bai iya ba. Tsakanin nan ne gwanintar take, kuma ba mai tafa wa mutum a kanta.

Ko an gama bugu na ƙarshe ba a sakin jiki. Su biyun za su ja baya ido cikin ido, sai sun fita daga tazarar sara kafin kowa ya huta.

Zaman ɗakin atisaye, dojo, kan wannan fahimta aka gina shi. Ana cire takalmi a ƙofa, a rusuna, a durƙusa a sahu bisa daɗewar mutum a wurin, ko da kuwa shugaban kamfani ne ya shigo bara ya tarar da ɗalibar jami'a da ta shekara shida a wurin. Ɗalibai ne ke goge daɓen katako da jiƙaƙƙen tsumma, a sunkuye, daga bango zuwa bango. Mutanen da ke atisaye ba takalmi sun san amfanin gano tsagewar katako kafin ta gano su. Wanda ya ji rauni ba ya zama gida, yakan zo ya zauna gefe ya kalla, kuma ana lissafa kallon nan cikin atisaye. A tsakiyar sanyin Janairu akwai kwanakin fita da asuba, da zafi kuma akan tafi wani ƙauye a kwana tare, a ci tare, a yi ta yi daga safe har yamma. A teburin abinci ne sau da yawa dattijo ke faɗin abin da bai faɗa ba a fili, domin a kan daɓe magana kaɗan ce.

Wanda ya fito da ilmin daga Fukuoka shi ne Shimizu Takaji, haifaffen 1896, almajirin Shiraishi Hanjiro. Ya koma Tokyo wajen 1930 ya zama mai horar da 'yan sanda. Da ya ga ba zai iya tsayawa gaban mutum ɗari ɗaya bayan ɗaya ba, sai ya tsamo motsi 12 na tushe da za a iya koya wa taro a sahu. A 1968 hukumar wasan takobi ta Japan ta amince da darussa 12 da ake jarrabawa a kansu a ba da daraja, alhali tsohuwar makarantar na da fiye da 60. Wasu na ganin an tsinka miyar. Ni dai ina ganin da ba don haka ba da wuya ilmin ya kai Turai da Amurka da Ostareliya, inda ɗalibai irin su Ba'amurken nan Donn Draeger suka taimaka ya yaɗu. Sai dai masu ƙorafin na da hujja guda: alƙalin jarrabawa na iya auna kyan tsayuwa, amma da wuya ya auna ko saran da aka kawo na gaskiya ne.

A tsohon tsari babu bel mai launi. Takardu ne malami ke rubutawa da hannunsa, mataki bayan mataki, har zuwa ta ƙarshe, menkyo kaiden, wadda ke shaida an miƙa wa mutum komai har da darussan da ba a nunawa a bainar jama'a. Kaɗan ne ke kaiwa nan, yawanci da furfura. Da Shimizu ya rasu a 1978 ba a haɗu kan magaji ɗaya ba, sai kowane mai wannan takarda ya ci gaba da nasa reshen, wasu a Tokyo, wasu a Fukuoka, wasu a ƙasashen waje. Yau idan ɗaliban rassa biyu suka gamu a taron watan Mayu na Kyoto, a tsohon zauren Butokuden da aka gina a 1899, za ka ga darasi ɗaya amma wannan ya fi buɗe ƙafa, wancan ya fi matsowa kafin ya sara, kuma kowannensu zai gaya maka sunan wanda ya riƙe masa takobi.