Wanda ke ciyar da marubuci shi ke riƙe da alƙalaminsa

Akwai maganar da ta yi yawa a bakin matasan marubuta, wai mutum ba ya cika marubuci sai ranar da ya ajiye aikin albashi ya ce daga yau alƙalami ne gonarsa. Maganar tana da daɗin ji, sai dai tarihin adabinmu bai goyi bayanta ba. Abin da ya nuna shi ne, hanyar da marubuci ke samun abinci takan fito a jikin rubutunsa: tsawon labarin, garin da aka kafa shi, har da abin da aka yi shiru a kansa.

Mu fara da gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci ya rubuta Shaihu Umar. Da Imam ya bar aji, wani aikin albashin ya koma, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Albashi ya ba su natsuwar tace magana, shi ya sa Shaihu Umar bai da kitse ko kaɗan. Amma kuma an yi littattafan ne don makarantun gwamnatin Turawa, ƙarƙashin idon East, saboda haka ba a jin ƙorafi kan mulkin mallaka a cikinsu. Mai biya ya shata iyaka.

Adabin kasuwar Kano ya juya lamarin. Daga shekarun 1980 marubuci ya koma buga littafinsa da kuɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwa, ya jira ciniki. Wannan 'yanci ne ya ba Balaraba Ramat Yakubu damar fitar da Alhaki Kwikwiyo a 1990, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci ta riƙe su. Da wuya hukumar buga littattafan makaranta ta karɓi irin wannan. Sai dai kasuwar ta karɓi nata kason. Da aka gane cewa labari ɗaya zai sayu sau uku in an raba shi kashi na ɗaya, na biyu da na uku, sai jan labari ya zama al'ada, ana yanke kowane kashi daidai inda zuciyar mai karatu ta tsinke. Yau da ake biyan kuɗin shiga zauren WhatsApp don karanta shafi a kullum, cutar ta ƙaru: a ɓata shafi guda ana lissafa kayan lefe, a rufe da hatsarin mota, domin marubuciya ba ta da halin barin gobe ta zo ba shafi.

To, ina wannan ya bar ɗan Briqueterie a Yawunde da ke shirin ajiye aiki? Unguwa ce ta Hausawa a tsakiyar babban birnin Kamaru, ga babban masallaci, ga teloli, masu atamfa da shadda, da masu tsiren da mutanen gari ke tururuwa saye da dare. Hausa ita ce ta gida da kasuwa, amma boko da Faransanci ake yi, allo kuma da Larabci. Ke nan masu sayen labarin Hausa da yawa suna Kano, Kaduna da Katsina, da naira suke biya, nairar da ta faɗi warwas tun 2023, shi kuwa da sefa zai biya haya. Mafita mafi sauƙi ita ce ya rubuta abin da waccan kasuwar ta saba saye: Alhaji mai gida a Nasarawa GRA, amarci a Dubai. Ya goge Faransancin da ke cikin Hausarsa, ya goge dattijon da jikokinsa ba su taɓa ganin garin asalinsa ba, ya goge yarinyar da ke cire hijabi a ƙofar makaranta. A nan asarar take, domin wannan ne kaɗai abin da marubucin Kano ba zai iya rubuta masa ba.

Kamaru kanta tana da misalai biyu. Mongo Beti ya shafe shekaru yana koyarwa a Rouen ta Faransa, kuma albashin nan, wanda bai fito daga aljihun mai karatu ko gwamnatin Ahidjo ba, shi ya ba shi ƙafar tsayawa lokacin da aka haramta Main basse sur le Cameroun a 1972. Sai da ya yi ritaya a 1994 ya buɗe kantin littattafai a Yawunde. Djaïli Amadou Amal kuwa, 'yar Marwa, a Yawunde aka buga littafinta na farko, Walaande, a 2010, kuma zaman kishi da auren dole na gidajen Fulanin garinsu ta riƙe har ta ci kyautar Goncourt ta 'yan makaranta a 2020. Da Faransanci ta yi, kasuwarta daban, amma garinsu ne ya kai ta can.

Saboda haka kafin a miƙa takardar ajiye aiki, a fara tambaya: daga watan gobe wa zai biya ni, kuma me zai nema in cire? In amsar ita ce unguwarka zai nema ka cire, gara ka riƙe fassara, koyarwa ko teburin shago da rana, ka rubuta Briqueterie bayan sallar isha'i.