Shuka Iri ko Sakin Jingina? Nazarin Wa'azin Dukiya a Ikilisiyoyinmu

Gabatarwa

Wani mai bishara da ke hidima a ƙauyukan da ke tsakanin Birchi da Dutsin-Ma ya kawo mana wata tambaya a aji, wadda ta sa muka ajiye darasin ranar. A ƙaramar ikilisiyarsa akwai mutum biyu da ke cin Jibin Ubangiji tare. Ɗaya dattijon ikilisiya ne, baikonsa ya fi na kowa tsoka. Ɗayan ya jinginar wa dattijon gonarsa domin ya haɗa kuɗin fansar ɗansa daga hannun 'yan bindiga, yanzu kuwa ƙwadago yake yi a gonar da mahaifinsa ya bar masa. Mai bisharar ya ce, "Baba, idan na hau bagadi ranar Lahadi, me zan faɗa wa mutanen nan biyu?"

Akwai wa'azi iri biyu da muka saba ji a kan dukiya. A nan za mu auna su da Littafi Mai Tsarki, mu ga ko akwai wanda zai amsa wannan tambaya.

Yadda talauci yake haihuwa a karkara

A 1967 wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma buga sakamakon bincikenta a 1972. Ta nuna cewa manoman gari ɗaya ba ɗaya suke ba. Wasu na da rumbun da zai kai su wata kaka har su sayar da rara, wasu kuwa talauci ne yake hana su noman kansa, domin a daidai lokacin da gonarsu ke bukatar noma, suna gonar wani suna neman abin da za a dafa da dare.

Duk wanda ya yi hidima a ƙasar Kurfi ko Dutsin-Ma ya san wannan zagaye. Da kaka, mai ƙaramin ƙarfi yana sayar da geronsa da araha don biyan bashi. A watan Yuli da Agusta sai ya koma sayen hatsi da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da ƙari. A kan wannan aka ɗora matsalar 'yan bindiga daga dajin Rugu, wadda ta sa aka bar gonakin nesa, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara kuɗin mota da na kayan masarufi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. Mutumin da ya rasa gonarsa ba rago ba ne, ba kuma marar bangaskiya ba ne.

Wa'azin "shuka iri"

Wa'azi na farko yana iso mu ta talabijin da wayar hannu da tarukan farkawa. Yana cewa talauci la'ana ce, maganinta kuwa shi ne a ba bawan Allah kuɗi a matsayin iri, Allah zai mayar riɓi ɗari. Mu faɗi gaskiya, akwai abin da ya kama daidai: Allah yana kula da ciki da jiki, ba rai kaɗai ba, kuma talaka yana da ikon sa zuciya ga canji. Masanan tauhidi na ƙungiyar Lausanne da suka zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009 sun yarda da wannan kafin su ƙi koyarwar.

Kuskurensa yana cikin yadda yake riƙe Nassi. Ayar da ya fi jingina da ita ita ce 2 Korintiyawa 9:6, inda Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka. Amma mu karanta sura 8 da 9 gaba ɗaya. Bulus yana tara gudummawa ne daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima. A 8:13-15 ya bayyana manufarsa, wato a sami daidaito, ya kuma kawo misalin manna a jeji, inda mai tara da yawa bai yi rara ba, mai tara kaɗan kuma bai rasa ba. Har ya sa ikilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, don kada a zarge shi. A cikin Nassi kuɗin yana gangarawa wurin mai jin yunwa. A wa'azin shuka iri yana haurawa daga mai jin yunwa zuwa mai wa'azi. An riƙe kalmar Bulus, an juya hanyar kuɗin.

Ga mutanenmu biyu, wannan wa'azi zai ce wa dattijon yawan gonakinsa shaida ce ta yardar Allah, ya ce wa ɗan ƙwadagon bangaskiyarsa ce ta gaza. Abokan Ayuba ma haka suka yi tunani, Allah kuwa ya tsauta musu a sura 42.

Wa'azin "a yi haƙuri"

Wa'azi na biyu namu ne, shi ya sa ya fi wuyar gani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mukan ce wa matalauci ya jimre, ladansa yana sama, mu kawo maganar Yesu a Betanya cewa ba za a rasa matalauta ba (Markus 14:7), sai mu rufe zancen. Amma Yesu yana tuna wa masu jinsa Maimaitawar Shari'a 15:11 ne, kuma a can kasancewar matalauta dalili ne na buɗe hannu, ba na naɗe shi ba. Surar ce ma ta umarci a yafe bashi kowace shekara bakwai.

Shari'ar Musa ba ta bar wannan ga tausayi kaɗai ba. Littafin Firistoci 25 ya hana sayar da gona har abada domin ƙasa ta Allah ce, ya hana cin riba a kan abincin da aka ranta wa ɗan'uwa matalauci. Sura 19 ta ce a bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo, kada kuma ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai gona. Amos 8 ya la'anci masu rage mudu. Wannan shi ne adalci a bakin annabawa: haƙƙi ne da ake binmu, ba kyauta ce da muke yi idan mun ga dama ba. Taron Lausanne na 1974 ya furta tuba a kan yadda masu bishara suka raba shelar bishara da damuwa da halin jama'a. Mu ma muna bukatar wannan tuba. Haƙuri 'ya'yan Ruhu ne, amma idan ga mai rauni kaɗai muke wa'azinsa, mun mai da shi takunkumi.

Abin da Nehemiya ya yi

Nehemiya 5 kamar a ƙasarmu aka rubuta shi. Jama'a sun jinginar da gonaki da gidaje don samun hatsi lokacin yunwa, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, 'ya'yansu sun shiga bauta, masu bin bashin kuma 'yan'uwansu ne. Mu lura da matakansa. Ya yi fushi, amma sai da ya yi tunani kafin ya yi magana. Ya fuskanci manya ido da ido. Ya amsa cewa shi ma da 'yan'uwansa suna ba da rance. Ya nemi a mayar da gonakin a ranar, ya kira firistoci aka yi rantsuwa. Shekara goma sha biyu yana gwamna bai karɓi abincin da ya halatta ga gwamna ba. Da ya ci, da bakinsa bai buɗu ba.

Za a ce mana ikilisiya ba Isra'ila ba ce, kuma dattijon bai yi sata ba, shi ne ma ya taimaka ranar da kowa ya juya baya. Idan muka kunyata masu ba da rance, wa zai ranta gobe? Wannan magana tana da nauyi. Bitrus ya shaida wa Hananiya cewa gonarsa tasa ce (Ayyukan Manzanni 5:4), don haka ba ma koyar da ƙwace dukiyar kowa. Dattijon ya cancanci godiya, ya kuma cancanci kuɗinsa. Amma idan amfanin da ya kwasa daga gonar ya riga ya kai abin da ya bayar, ci gaba da riƙe ta ya tashi daga taimako ya koma cin guminsa.

Kammalawa

Ga shawarar da muka ba mai bisharar. Kada ya fara da bagadi, ya fara da zauren dattijon, su biyu, su karanta Nehemiya 5. A zauna da shaidu a lissafta amfanin gonar a cire daga bashin, a sa ranar sakinta. Sannan ikilisiya ta ware kashi daga hatsin godiyar kaka ta ajiye a rumbu, a ranta da damina tiya da tiya ba ƙari, Zumuntar Mata da dattawa su riƙe lissafi a fili. Kada rumbun ya tsaya ga masu bi kaɗai (Galatiyawa 6:10). Maƙwabtanmu Musulmi suna fitar da zakkar amfanin gona, sun kuma san haramcin riba, suna kallon yadda muke yi da namu matalautan. Mu fastoci kuma mu binciki kanmu, ko tsoron rasa baikon mai kuɗi ne yake zaɓar mana ayoyin da muke wa'azi a kai.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ikilisiyarka, daga wa kuɗi yake fitowa, wurin wa yake ƙarewa?
2. Gonaki nawa ne ke jingine tsakanin membobinka? Ka taɓa tambaya?
3. Yaushe rabonka da yin wa'azi daga Amos, ko Yakubu 5:1-6?