Hipatiya da ma'aunin nauyin ruwa: me wasiƙar ta ce?

Akwai maganar da ke yawo a littattafan tarihin kimiyya, har ta shigo shirye-shiryenmu na rediyo: wai Hipatiya, malamar lissafi ta Iskandariyya da aka kashe a shekarar 415, ita ta ƙirƙiro ma'aunin nauyin ruwa. Littafin Margaret Alic mai suna Hypatia's Heritage, na 1986, yana cikin waɗanda suka jingina mata wannan aiki. Hujjar da ake dogara da ita guda ce tak, wato wasiƙa ta 15 ta ɗalibinta Sinesiyus, mutumin Kirene a ƙasar Libiya ta yau. To, mu duba wasiƙar.

Gajeruwa ce. Sinesiyus ya buɗe da kukan halin da yake ciki, sannan ya roƙi malamarsa ta sa a ƙera masa na'urar da tagulla. Daga nan ya shiga siffanta ta: bututu ne mai kama da sarewa, an yi masa tsaga-tsaga a jere daga sama zuwa ƙasa, a gindinsa kuma akwai wani nauyi mai tsini da ke sa shi tsayuwa cak idan an tsoma shi a ruwa. Sai a ƙirga tsagar, a san nauyin ruwan. A ƙarni na 17 masanin lissafi Pierre de Fermat ya yi bayanin cewa ma'aunin nauyin ruwa ake nufi.

Yadda yake aiki ba boyayye ba ne tun zamanin Arkimidis, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Abu mai iyo yana nutsewa ne har sai ya ture ruwan da ya kai nauyinsa. A ruwan gishiri, wanda ya fi nauyi, bututun zai ɗago. A ruwa mara nauyi zai ƙara nutsewa. Da wannan dabarar ake gane madarar da aka surka da ruwa, da ita kuma bakanike ke duba ruwan batir.

Yanzu ga tambayar da nake yi wa masu wancan ra'ayi. Wa ke zama ya yi wa maƙeri bayanin kamannin fartanyar da shi maƙerin ya ƙirƙiro? Sinesiyus ya bi siffar na'urar dalla-dalla, kamar mai magana da wanda bai saba da ita ba. Wani zai ce bayanin don mai ƙira aka yi shi, ko don masu karatu na gaba, tun da marubutan lokacin sukan tsara wasiƙunsu da sanin za a tara su. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, na yarda. Amma iyakar abin da zai nuna shi ne mai yiwuwa ta san na'urar. Babu inda wasiƙar ta ce ita ta fara yin ta, alhali Sinesiyus mutum ne da ba ya rowar yabo ga malamarsa.

Akwai kuma shaida daga wani ɓangare. Al-Khazini, wanda ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marw wajen 1121, ya siffanta irin wannan ma'auni, ya jingina shi ga Fafus na Iskandariyya, masanin lissafi da ya riga Hipatiya. Marubutan da ke ɗaga wasiƙa ta 15 ba kasafai suke ambatar wannan ba.

Na fahimci niyyarsu. An daɗe ana share sunayen mata daga tarihin ilimi, ana so a gyara. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da ɗaliba ta buɗe wasiƙar ta ga ba haka ba ne, za ta fara shakkar sauran abin da aka faɗa mata, har da na gaskiya. Na gaskiyar kuwa ya isa: majiyoyin da suka zo mana sun ce Hipatiya ta yi sharhi a kan littafin lissafi na Diyofantus da na Afoloniyus, ta koyar da falsafa, manyan gari suna neman shawararta. Wasiƙar kanta tana nuna darajarta, domin mutum yana Libiya, da ya buƙaci kayan awo mai wuyar ƙira, Iskandariyya ya aika, wurin malamarsa.

Mu da ke riƙe da makirfo da alƙalami, kafin mu ce wance ta ƙirƙiro abu kaza, mu nemi asalin rubutun mu karanta tukuna.